Shekarar da Alƙali Ya Daina Aiko Wanki

Ku 'yan yanzu da kuka buɗe shagunan wanki, inji yana juya kaya kuna zaune kuna latsa waya, in an ce muku wanki sana'a ce sai ku yi dariya. Kwanaki wata yarinya ta ce min, "Iya, wanki ai ruwa ne da sabulu." Na ce mata, "To 'yar nan, je ki samo kwalar lauya guda ɗaya, ki goge min ita ta tsaya da kanta a kan faranti. In ta tsaya na yarda." Har yau ina jiran ta.

Ni ce Mairo mai sitati ta Kabara. Ban yi boko ba, allon ma izu biyu na yi na ajiye. Amma akwai alƙalin kotun tarayya da ya yi rayuwar aikinsa kaf yana ɗaura wa wuyansa abin da aka goge a tsakar gidan nan, in kun cire shekara ɗaya. Ba zan kama sunansa ba, don ba mutum ne mai son a riƙa ambatonsa ba. Alƙali nake ce masa, ku ma ku ce Alƙali.

Sana'ar ta Malam maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Yana saurayi ya koye ta a gidan wani Bature a Nassarawa, ya dawo cikin gari ya kafa teburinsa a zaure. Da na tare, mafici ya fara miƙo min. Na daɗe ban taɓa dutsen guga ba, sai dai in hura gawayi, in fifita, in busa toka. In na yi ƙorafi ya ce, "Ki fara sanin wuta tukuna." Dutsen namu irin na da ne, baƙin ƙarfe mai nauyi, da ɗan zakara a murfinsa wanda ake juyawa a kulle. Gawayin ƙirya kawai ake zuba masa, don shi ba ya tartsatsi, tokarsa kuma kaɗan ce. Zafinsa ba da ido ake ganewa ba. Ka dangwali ruwa ka taɓa ƙasan dutsen, in ya ce cas ya ɓace, ya yi. In ruwan ya tsaya yana tafasa, da saura. In ya yi tsalle ya gudu kamar ƙwallo, ajiye shi ya huce, ko ka biya rigar mutane.

Sitati iri biyu ne. Akwai dafaffe, wanda ake damawa da tafasasshen ruwa ya yi yauƙi kamar koko, shi ake sa wa shadda da yadi. Kwala kuwa ɗanye take so. Ni ban taɓa sayen na leda ba. Rogo nake saye, in feraye, in gurza, in tace, in bar shi ya kwanta a gindin baho, in tsiyaye ruwan da ya taso, farin da ya rage in shanya shi a ɗaka inda kaza ba ta shiga. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, yana mayar da fari ya koma kalar haƙorin mai cin goro, saboda haka da damina nake cika randunana da ruwan sama in rufe, ko jikokina ba sa kusantar su.

Kwalar lauya ba a jikin riga take ba, cire ta ake yi, ga 'yan fukafukai biyu a gaba. Tare da ita akwai wani farin ƙyalle mai harshe biyu da ke saukowa kan ƙirji. Za ki tsoma su a ɗanyen sitati da ɗigon bula, ki murza har ya shiga cikin zaren, ki matse, ki naɗe a farin tawul su huta. Da danshinsu ake guga. Ki shafa kyandir a ƙasan dutse kada ya kama, ki fara ta ciki, ki juyo ta waje, ki danna da duk nauyinki har ta fara sheƙi. Sannan ki lanƙwasa ta tun da zafinta a jikin kwalba, ta ɗauki zagayen wuya. Toka ɗaya in ta faɗo mata tana jiƙe, kin koma baho. Baƙar rigar kuwa ta ciki ake goge ta, da ƙyalle a kai, in ba haka ba ta yi ƙyalli kamar gindin tukunya. Hular gashin nan tasu ba a kai ta kusa da sabulu. A kakkaɓe, a sha mata iska a inuwa, a mayar gwangwaninta da ƙwayar kafur saboda asu.

Ranar da Alƙali ya fara zuwa zaurenmu ba alƙali ba ne, wani siririn yaro ne ɗan Sheshe da ya dawo daga makarantar lauyoyi ta Legas, an ɗauke shi lauyan gwamnati. Mahaifinsa ɗinkin hula yake yi. Kwala biyu gare shi a duniya, ɗaya tana wuyansa ɗaya tana bahonmu. A kan keke yake zuwa karɓa. Wani lokaci tari ya kwantar da Malam, ni na yi aikin a ɓoye, Malam ya lallaɓa zaure ya miƙa. Ina bayan ƙofa na ji yaron yana cewa, "Malam, yau hannunka ya fi na kullum kyau."

Malam ya yi tari ya ce, "To ai ba nawa ba ne. Na cikin gida ne."

"Ashe a bar wa cikin gida."

Malam ya shigo yana ƙunƙuni, wai shekara nawa yana goge wa Turawa, yau ɗan mai hula ya sauke shi daga kan teburinsa. Amma daga ranar kwala ta zama tawa. Da Allah ya ɗauki ran Malam, aka yi ta ba ni shawara in koma tuyar ƙosai, wai wankau aikin wadda ba ta da gata ne. Yaron nan ya zo gaisuwa da ƙunshin wankinsa a hammata, ya ce, "Malama Mairo, in kin fita takaba ga aikinki yana jira." Shi kaɗai yake ce min Malama, ni da izu biyu.

A gabana ya hau. Daga keke ya koma babur, daga babur ya koma mota. Aka yi masa majistare, yana shari'ar ɓarayin akuya da masu faɗa a tasha. Ya daɗe a nan, sannan aka ɗauke shi alƙalin kotun tarayya, inda ake kai shari'ar fasa-ƙwauri, da ta masu safarar ƙwaya, da ta manyan kamfanoni, da ta wanda ya kai gwamnati ƙara. An tura shi Fatakwal, an tura shi Jos, kafin a dawo da shi gida. Duk inda yake, kwalarsa tana zuwa Kabara. A lokacin ta yi yawa, sai ya tara, in direbansa Malam Isyaku zai zo Kano ya kawo masu datti ya tafi da gogaggu a cikin gwangwanin alawa. Lauyoyi suka ga wuyan Alƙali suka fara tambaya, har ya zama ranar Asabar motoci ne a bakin lungunmu. Da wannan dutsen na aurar da 'ya'yana, da shi na sauke farali. Yanzu Alƙali ya yi ritaya, yana gidansa yana karatun littattafan da ya ce aiki ya hana shi, Allah ya ƙara masa lafiya.

Da aka ba shi kujerar tarayya, da kansa ya zo zaure ya ce min, "Malama Mairo, daga yau za ki yi farin jini. Mutanen da ba ki sani ba za su zo gaishe ki. Duk wanda ya ba ki saƙo zuwa gare ni, ki ce masa ke wanki kike yi." Na ɗauka zolaya ce. Ba a jima ba matar wani attajiri ta yi sallama da turmin atamfa da katan ɗin sabulu, wai don zumunci, ni da ban taɓa ganin ta ba. Muna cikin gaisawa ta sako zancen mijinta da kayansa da aka riƙe a kan iyaka. Kun san mayar da kyauta a garin nan ba ƙaramin abu ba ne, zagi ne. Na dai rufe ido na sa aka ɗora wa mai baro kayan ya bi ta da su. Irin wannan ya faru ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa yi min wuya ba, don duk bare ne.

Sai shekarar da abin ya zo cikin gida.

Ina da wa, Yaya Garba, mai sayar da hatsi, gidansa yana Ƙofar Na'isa. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya yi min kayan ɗaki. Babban ɗansa Auwalu direban motar kaya ne. Aka tare shi a hanya, aka sauke buhunan albasa, a ƙarƙashinsu aka sami katan-katan na ƙwayar da gwamnati ta hana. Mai kayan ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi, aka bar Auwalu da mota. Shari'ar ta kotun tarayya ce, aka kuma ce a gaban Alƙali ta faɗo.

Yaya ya zo da hantsi, bai tsaya a zaure ba, ya shigo har gindin igiyar shanya. Na shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba.

"Mairo, Allah ya yi mana gata. A hannun mutuminki yaron nan yake."

Na ce, "Yaya, mutumin nan ba ya jin irin wannan maganar."

"Ba ya ji daga bakin bare. Ke da kika san yawan dattin wuyansa? Ba kuɗi na ce ki kai masa ba. Kamun ƙafa ne, abin da kowa yake yi. Je ki durƙusa ki ce ɗanki ne."

"In ya ƙi fa?"

"Ya ƙi ɗin. Ke dai a ce kin je."

Ku da kuke jin labarin yanzu za ku ce me ya kai ni. Auwalu a bayana ya yi barci yana jariri. Wanda ya riƙe ni ne yake tsaye a tsakar gidana yana roƙo. A garin nan in naka yana cikin wuta kuma kana da hanya, ka ƙi bin ta, ba za a ce kai mai gaskiya ba ne, za a ce ba ka da zumunci. Na je, kuma ba na jin kunyar cewa na je.

Ranar Asabar na goge kayan Alƙali na kai gidansa da kaina, abin da ban saba ba. Hajiya matarsa ta ba ni wuri a falo, ta kawo ruwa. Ya fito da jallabiya da tabarau a hannu, ya ce, "Yau Malama Mairo da kanta? Isyaku ya yi laifi ne?"

Na sauka daga kujera na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, da magana na zo."

Ya ɗaga hannu. Fuskarsa ba ta ɓaci ba, amma dariyar ta tafi. "Ta kotu ce?"

"Ta kotu ce."

"Naki ne?"

"Ɗan wana ne."

"To kada ki gaya min ya yi ko bai yi ba. Kada ki gaya min halinsa. Sunansa kawai nake so."

Na faɗa. Ya juya tabarau a hannunsa, ya ce, "Tashi ki zauna, ba na son ki a ƙasa." Da na zauna ya ce, "Yaron yana gabana, ban san naki ba ne. Tunda na sani, ba zan yi shari'arsa ba. Ranar Litinin zan mayar da ita a ba wani alƙali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai don yana gabanka ne na zo."

"Na sani. Ki duba nan, Malama Mairo. Tun ina da kwala biyu kike goge min. In na sake shi, garin nan zai ce sitati ne ya sake shi, ko da ba shi da laifi, kuma zai rayu da wannan sunan. In na ɗaure shi, ni kaina ba zan san ko don laifinsa na ɗaure shi ba, ko don in nuna wa mutane ba a kama min ƙafa. Ko ta ina ban yi masa adalci ba."

Ya ce a nema wa yaron lauya, akwai waɗanda gwamnati ta ajiye don marasa hali. Ya ce duk wanda ya zo ya ce a ba shi wani abu zai kai wa alƙali, a kore shi, maƙaryaci ne. Sannan ya faɗi wadda ban zata ba. "Kuma har a gama shari'ar nan Isyaku ba zai zo Kabara ba. Ba fushi na yi ba. Ba na so a ga motata a ƙofar gidanki, a ce ana ɗinka wani abu ta bayan fage."

Na aje gwangwanin kwala a kan tebur na fito. Hajiya ta biyo ni har bakin ƙofa tana ba ni haƙuri.

Daga nan Ƙofar Na'isa na wuce. Yaya ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na aike ki ki kama ƙafa, kin je kin ture mana alƙalin gida?" Da aka ji wanda aka ba shari'ar mutumin kudu ne, ko sannu bai iya da Hausa ba, sai ya aiko min da saƙo cewa shi ba shi da ƙanwa a Kabara. Matan dangi suka ɗauka suka ƙara gishiri, wai zuwa na yi na kai ƙarar yaron don in gyara tuwona a gidan Alƙali. Aka yi suna a gidan ba a gaya min ba, a bakin mai tallan kuka na ji.

Tuwon da suke cewa na gyara kuwa, zubewa ya yi. Lauyoyi sun lura motar Alƙali ta daina zuwa, ba wanda ya tambaye ni dalili, kowa ya yanke cewa na yi wani abin da aka kore ni. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Asabar ta zo lungunmu shiru. Ni da nake zaɓar wanda zan yi wa aiki, na koma wankin masu jego da kayan makarantar yara, ina dirzar kashin jarirai da hannun da yake goge wuyan alƙali. Damina kuma ta yi nauyi a shekarar, katangar bayan gida ta zube a kan randunana, gawayi ya jiƙe, abin da ka shanya da safe da yamma yana nan yadda yake, yana warin ruma. Dutsen Malam ya yi tsatsa a ƙarƙashin gado, sai na riƙa ciro shi ina shafa masa man gyaɗa.

Na je kotun sau ɗaya, ranar yanke hukunci. Ban taɓa shiga ba sai ran nan, shekara da shekaru ina yi mata wanki. Na zauna can baya. Yaya yana gaba, bai waiwayo ba. Alƙalin wani baƙin dattijo ne mai magana a hankali, kwalarsa kuwa ta inji ce, ta yi laƙwas kamar ganyen alayyaho, wannan idona ba zai ƙi gani ba. Amma ya saurara. Duk abin da aka faɗa sai ya jira tafinta ya juya wa Auwalu da Hausa, ya tambaye shi ko ya gane. Auwalu ya ce bai buɗe katan ɗin ba, amma da ya ji ladan da aka yi masa alkawari ya san ba albasa kaɗai ya ɗauko ba. Alƙalin ya ce ya duba cewa wannan ne karonsa na farko kuma bai wahalar da kotu ba. Ya ba shi shekara biyu.

Asabar ɗin da ta biyo baya ina tsugune a kan bahon wankin jego na ji hon a bakin lungu. Malam Isyaku ne da ƙunshi kamar na mai ƙaura.

"Iya, karɓi kayanki, mun sha wuya. Shago nawa na zagaya! Wannan ya ƙona, wannan ya mayar da ita rawaya. Jiya Alƙali ya ce min, 'Isyaku, wannan kwala ce ko laushin burodi?'"

Na kwance na duba. Wallahi sai da na yi salati. Na ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya sa wa kwala dafaffen sitati?" Da lemon tsami da rana na yi ta fama har suka dawo hayyacinsu. Motar Alƙali ta tsaya a lungu Asabar biyu, sai ga lauyoyi suna dawowa, kowa da ƙaryarsa, wannan ya yi tafiya, wancan matarsa ce ta karɓi wankin. Na karɓi kayansu.

Aiki ya dawo, Yaya bai dawo ba. Ina kai wa Auwalu abinci gidan yari, in na hango mahaifinsa a layi sai in koma gefe har ya fita. Da yaron ya fito, ba mai ba shi mota. Wa zai ba wanda aka kama da ƙwaya makulli? Gidan ubansa kuma ya yi masa zafi, kullum gori. Wata rana ya shigo ya zauna a kan turmi, ya rame, ya ce, "Goggo, ko ɗebo ruwa ne ki ba ni in riƙa yi."

Na ce, "Ruwa akwai 'yan garuwa. Tashi ka hura min gawayi."

Hannun direba ne, mai ƙarfi, kuma ni lokacin kafaɗata ta fara ciwo, ba na iya danna dutse kamar da. Ya ƙona min zanin gado, ya ƙona wandon wani malamin makaranta, na zage shi tas. Amma yana da haƙuri, gidan yari ya koya masa zama wuri ɗaya. A hankali ya kai ga shadda, ya kai ga baƙar riga. Ranar da ya goge kwala ta tsaya a kan faranti, na juya ta ta kowane gefe ina neman aibu ban samu ba. Sai dai ta wani ƙaramin lauya ce. Ta Alƙali ban yarda ya taɓa ba, don ban san yadda zai ɗauka ba, a ce wanda aka ɗaure kan ƙwaya shi ke goge abin da alƙalin tarayya zai sa ya hau kujera. Ɓoyewa kuma ba zan yi ba. Na ba Malam Isyaku saƙo, na ce ya faɗa yadda na faɗa, in Alƙali bai so ba zan ci gaba da yi da kaina har inda kafaɗa ta tsaya.

Ya dawo da amsa. "Ya ce in gaya miki, wanda ya gama hukuncinsa ba shi da sauran shari'a a wurinsa. In yaron ya iya, ya goge. In bai iya ba, ki ƙwace dutsen, don shi ba zai sake sa laushin burodi ba."

Auwalu yana tsaye da mafici a hannu. Ya juya ya fuskanci bango ya daɗe yana fifita gawayin da ya riga ya kama.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Malam Isyaku ne ya ba ni labari. An yi ɗaurin aure a Sheshe, Alƙali ya je, Yaya Garba ma yana wurin, ya raɓe can gefe, don tun abin nan ba ya son shiga taro. Bayan an shafa fatiha, Alƙali ya tambayi Isyaku wane ne wan Malama Mairo a nan. Ya ratsa manyan mutane da ke miƙo masa hannu, ya je har inda Yaya yake, ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce yadda na kusa za su ji, "Alhaji, kai ne mahaifin Auwalu? Ɗanka ne yake goge min kayan aiki yanzu. Allah ya yi masa albarka, yana da hannu." Isyaku ya ce Yaya amin ɗin ma da ƙyar ta fito daga bakinsa.

Ba a yi mako ba, ina tace rogo, Auwalu ya shigo da ƙunshi yana rarraba ido.

"Goggo, Baba ne ya zo zaure."

"Ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Wannan ya miƙo min ya tafi."

Na kwance. Farar babbar rigarsa ce ta zuwa masallacin Juma'a, wuyan ya yi baƙi, ga ɗigon goro a gaba. Na wanke ta da ruwan randa da hannuna, na sa mata dafaffen sitati, na ba Auwalu na ce ya goge, in ya ƙona ta kada ya kwana a unguwar nan. Ranar Alhamis da la'asar Yaya ya dawo. Na yafa mayafi na fita zaure da rigar a kan hannuna, na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni." Rabon da in gaishe shi ya amsa har na manta.

Ya ce, "Lafiya." Ya karɓi rigar ya warware, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya bi aikin wuyan da ɗan yatsa. "Wa ya goge?"

"Ɗanka."

Ya daɗe yana kallon ta. Ya ninke ta da kansa, a karkace, ya sa a hammata, ya zura takalmi. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki ce masa ya rage sitati, ni ba alƙali ba ne. Mako mai zuwa zan aiko da shuɗiyar."